Murya Mai Nauyi a Ɗakunan Damagaram: Yadda Ake Haɗa Wufa da Amfili

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, sa'ad da masu algaita da 'yan kakaki suka cika fili da busa, makaɗa kuma suka saki hannu bisa manyan ganguna, ya san wani abu game da sauti wanda ba sai malami ya karantar da shi ba, wato akwai muryar da kunne kaɗai ke ji, akwai kuma wadda ƙirji ke riga kunne samun labarinta. Algaita kaifi gare ta, mutum na iya nuna inda take da yatsa ko da idonsa a rufe. Amma dukan tambari nauyi gare shi, yana bin ƙasa, yana ratsa katanga, har wanda ke zaune can cikin lungunan Birni ya ji shi a jikinsa alhali ba ya iya cewa ga ta inda ya ɓullo.

Shekaru aru-aru, tun kafin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Zinder da ganuwa, babu wata hanyar samun wannan murya mai nauyi face ta fata da itace da ƙarfin damtse. Bayan zuwan Faransawa a 1899 garmaho ya shigo, Rediyon Nijar ya fara magana a 1958, kaset ya biyo baya, har aka kawo yau da kowane saurayi ke yawo da ɗaruruwan waƙoƙi cikin aljihunsa. Amma abin lura shi ne, gwargwadon yadda na'urori ke ƙara sirancewa, gwargwadon yadda muryarsu ke rasa nauyi, domin talabijin wadda kaurinta bai wuce yatsa biyu ba ba ta da cikin da za ta ɓoye babbar lasifika. Wannan giɓi shi ya sa akwatin nan da ake kira wufa ya zama ruwan dare a gidajen Birni da Zongo da Sabon Gari, har yakan shiga cikin kayan ɗakin amarya. Sai dai mallakar abu daban, sanin ƙa'idarsa daban, kuma da yawa daga amfili, wato na'urorin ƙarfafa sauti, da ke jibge a shagunan masu gyaran rediyo na wajen Kasuwar Dole ba tsufa ya kashe su ba, mugun haɗi ne. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, an yi wufa domin ta cika sauti, ba domin ta ƙara hayaniya ba, kuma duk sharuɗɗan da za su biyo baya daga wannan asali suka fito.

Abin da ya sa nauyi ke neman akwatinsa

Sauti ba kome ba ne illa rawar iska. Idan fatar ganga ko tsirkiyar gurmi ta motsa, sai ta tura iskar da ke gabanta, waccan ta tura ta gaba, har abin ya iso kunne, yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda. Malaman da sun fahimci wannan tun da daɗewa, domin Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, ya yi bayani a babban littafinsa na ilmin kiɗa cewa kaifin murya da nauyinta suna da sababai, daga cikinsu akwai tsawon tsirkiya da gajartarta. Masana na baya suka zo suka ƙidaya abin, suka ce murya mai kaifi ita ce wadda rawarta ke da yawa cikin sakan, mai nauyi kuwa rawarta kaɗan ce, suka sa wa ma'aunin sunan Heinrich Hertz, wani masani Bajamushe da ya rasu a 1894, shi ne ake taƙaitawa a rubuta Hz a jikin na'urori. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 har zuwa 20,000. Muryar namiji baligi tana farawa daga wajen 85. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bas tana kan 41. Aikin wufa kuwa ya taƙaita ne ga wannan yanki na can ƙasa, daga 20 zuwa wajen 120, ko abin da ya ɗara haka kaɗan.

Dalilin keɓe mata akwati na musamman guda biyu ne. Na farko, murya mai nauyi tana bukatar a tura iska mai yawa, har ma duk sa'ad da aka rage adadin rawar da rabi, tilas faifan lasifika ya ninka tafiyarsa sau huɗu kafin ƙarfin sautin ya tsaya yadda yake, wanda kuwa ƙaramar lasifika ba ta da iko a kansa. Shi ya sa faifan wufa yakan kai faɗin santimita 20, ko 25, ko 30, ko 38, da babban maganaɗisu a bayansa. Na biyu, igiyar sauti mai nauyi doguwa ce ƙwarai: a kan 80 ta haura mita 4, a kan 40 ta kai mita 8 da rabi, wato ta fi yawancin ɗakunanmu tsawo, kuma da yake tazarar da ke tsakanin kunnuwa biyu na mutum ba ta wuce taƙi ba, ba su iya bambance ta wane gefe ta iso. Saboda haka, ko da yake tilas lasifikan dama da na hagu su zama biyu, wufa ɗaya ta wadatar, kuma ba lalle ta zauna a tsakiya ba.

Wannan hikima ba ta daɗe ainun a duniya ba. Lasifika irin wadda muka sani, mai naɗin waya da maganaɗisu, injiniyoyi biyu ne na Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fito da ita a 1925, amma sai a 1964 wani mutumin Kalifoniya mai suna Raymon Dones ya sami takardar haƙƙin ƙira ta akwatin da aka keɓe wa murya mai nauyi kaɗai. Jama'a ba su san da abin sosai ba sai a 1974, sa'ad da aka nuna wani fim na girgizar ƙasa mai suna Earthquake, aka jera manyan wufa a gidajen silima, har yaɓen rufi ya riƙa zubowa a wani gida a Holiwud. A 1992 kamfanin Dolby ya kawo tsarin nan da ake rubutawa 5.1, wato lasifika biyar da hanya guda ta daban wadda ba ta ɗauke da kome sai nauyi, daga nan abin ya sauko daga silima ya shiga gidajen mutane, ya bi jiragen ruwa zuwa Kwatano da Legas, ya bi motocin kaya daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, har ya iso Damagaram.

Wufa iri biyu ce

Wajibi na farko, tun kafin a taɓa kowace waya, shi ne mutum ya juya akwatin ya dubi bayansa, domin wufa iri biyu ce, kuma rashin bambance su shi ne ummul'aba'isin yawancin hasara. Akwai mai ƙarfin kanta, wadda ke da ƙaramin amfili a cikinta. Alamarta ita ce tana da wayar da ake sakawa a wutar lantarki, da maɓallin kunnawa, da majuya biyu ko uku, da farantin ƙarfe mai ɗaukar zafi. Akwai kuma wadda ba ta da ƙarfin kanta, akwati ne kawai da lasifika a ciki, ba abin da ke bayanta sai maƙalai biyu, ja da baƙi, ko 'yar waya mai harshe biyu da ta fito daga rami. Ta farko umurni kawai take jira daga amfili, ta biyu kuwa umurni da ƙarfi duka take nema. Sa'an nan a juya amfili ɗin shi ma a karanta abin da aka rubuta a gindin kowace kafa, kuma kada a fara haɗi sai an kashe kome an zare shi daga wuta.

Idan wufar mai ƙarfin kanta ce, amfili ɗin kuma irin na silimar gida ne, to al'amarin ya zo da sauƙi. Za a ga wata kafa guda zagayayya an rubuta mata SUB OUT, ko SUBWOOFER, ko PRE OUT, sai a ɗauko waya mai kan RCA, irin wadda aka saba haɗa bidiyo da talabijin da ita, a soka kai ɗaya can, ɗayan kuma a kafar wufa da aka rubuta wa LFE ko LINE IN. In kafofin wufar biyu ne, fara da ja, ba laifi a soka a ɗaya kawai, galibi ta hagu mai harafin L, ko a sa 'yar waya mai reshe biyu a cika su duka. Abin da wannan waya ke ɗauke da shi ɗan ƙanƙanin sigina ne, shi ya sa take saurin kwasar gurnani idan ba ta da kyakkyawar riga a ciki, ko idan aka ɗaure ta tare da wayar lantarki suka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Idan kuwa amfili ɗin tsoho ne, na lasifika biyu kawai, ba shi da kafar wufa, har yanzu akwai mafita, muddin wufar tana da maƙalan da aka rubuta wa HIGH LEVEL ko SPEAKER IN. Sai a ja wayar lasifika daga maƙalan amfili na dama da na hagu zuwa waɗannan, ja ga ja, baƙi ga baƙi, lasifikan kuma su ci gaba da zama a inda suke. Wufar ba ta jan wani ƙarfin a zo a gani ta wannan hanya, saƙon kawai take karantawa, ta ƙarfafa shi da nata amfili. Abubuwa uku ne a nan ya kamata a nisanta. Kada a soka wayar da ta fito daga maƙalan lasifika a cikin kafar RCA, domin ƙarfin ya fi abin da ƙofar ke ɗauka. Kada a murɗe baƙin dama da baƙin hagu wuri guda, domin akwai amfili na zamani da wannan ke kashewa nan take. Kada kuma a yi amfani da kafar da aka rubuta wa REC OUT ko TAPE OUT, domin ita ba ta bin majuyin ƙara, sai mutum ya rage sauti ya ji wufa na nan tana ruri ita kaɗai.

Mas'ala mafi wuya ita ce ta wufar da ba ta da ƙarfin kanta, kuma a kanta ne gidaje da yawa suka yi hasarar amfili. Irin wannan galibi takan zo ne cikin saiti guda tare da na'urar faifan DVD wadda aka gina mata nata maƙalai. Idan na'urar ta mutu akwatin ya saura, sai mai shi, saboda ƙin almubazzaranci, ya nemi ya liƙa shi a wani amfili. In ya soka shi a kafar SUB OUT ba zai ji kome ba, ko ya ji ɗan raɗa, domin kafar ba ta ba da ƙarfi. In kuma ya murɗe wayarsa tare da ta lasifikar dama a maƙali guda, zai ji sauti kam, amma ya ɗora wa amfili abin da ba a yi shi dominsa ba. Kowace lasifika tana da gwargwadon tirjiyar da take yi wa wuta, ana auna shi da om, kuma ƙa'idar ita ce idan an gama biyu a maƙali ɗaya tirjiyar raguwa take yi: mai 8 da mai 8 su koma 4, mai 8 da mai 4 su koma ƙasa da 3, alhali yawancin amfili na gida an rubuta a bayansu kada a sauka ƙasa da 6 ko 4. Tirjiya na raguwa wuta na ƙara kwarara, taransista su yi zafi, wanda yake da kariya ya kashe kansa, wanda ba shi da ita ya yi hayaƙi. Hanyar da ta dace ita ce a samo mata ƙaramin amfili nata na daban, a ba shi sigina daga SUB OUT, shi kuma ya ciyar da ita. Haka nan hukuncin yake ga wufar mota da samari ke shigarwa ɗaki: tana son amfili na mota, da batir mai folt 12 irin na sola, da waya mai kauri, da fis kusa da batir ɗin, wanda barinsa ganganci ne da kan jawo gobara.

Yakan faru launin waya ya goge, a rasa wanne ne ja wanne ne baƙi. Ƙwararren mai gyara ba ya yin canki-canki. Sai ya ɗauko ƙaramin batir na tocila mai folt 1.5, ya danne harshe ɗaya a gindinsa da babban yatsa, ya ɗan taɓa ɗayan a kan batir ɗin ya ɗauke, idonsa na kan faifan lasifika. In faifan ya yi tsalle waje, harshen da ke kan batir shi ne ja. In ya shige ciki, a juya. Sa'an nan ya feƙe bakin wayar kamar rabin gaɓar yatsa, ya murza silin tagullar har su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ya tabbata ko sili guda bai fanɗare ya taɓa maƙalin kusa ba, domin sili ɗaya tak ya isa ya ƙone amfili.

Mizani

Haɗa waya rabin aiki ne, sauran rabin daidaitawa ce. Madugan da suka riƙa sauka a Zongo da ayarin Agadas sun san ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. To haka nan ake raba wa lasifika kaya, a sa iyaka, abin da ke ƙasa da ita ya tafi ga wufa, abin da ke sama ya tsaya ga sauran. Iyakar da masana suka fi yarda da ita 80 ce, kuma ita kamfanin THX ya ɗauka a ƙa'idarsa. Amma in lasifikan ƙanana ne ainun, irin waɗanda ke cika tafin hannu, a ɗaga ta zuwa 100 ko 120. A amfili na silimar gida, cikin jerin saituna ake yin wannan: a shaida masa akwai wufa, a sanya lasifikan a matsayin ƙanana, wato SMALL, ko PETIT in na'urar da Faransanci take magana, ko da kuwa a ido manya ne, sa'an nan a murɗa majuyin iyaka na bayan wufa har ƙarshe domin kada a tace sautin sau biyu. In kuwa ta maƙalan lasifika aka haɗa, to majuyin bayan wufar ne kaɗai ke yanke iyaka. Wasu na'urorin Yamaha da Denon da Pioneer sukan zo da ɗan makirfo wanda ake ajiyewa a mazaunin mai gida, na'urar ta yi awonta da kanta; wanda ya samu irin wannan ya gode Allah ya yi amfani da shi.

Sai majuyin ƙara, wanda a kansa ne son zuciya ke rinjayar mutane. A fara da shi ƙasa da rabi, a sa abin da kunne ya riga ya sani sarai, misali gurmin marigayi Malam Mamman Barka, mutumin Tesker, ko tsofaffin waƙoƙin fada na Ma'azu Ɗan Alalo, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har a ji kiɗan ya yi gindi, sa'an nan a rage kaɗan. Alamar an dace ita ce baƙo ya zauna ya ce lasifikan nan suna da daɗi, bai san da wufa ba, sai an kashe ta ya ji an zare wani abu. Alamar an wuce haddi kuwa ita ce muryar mai karanta labarai ta yi kamar daga cikin rijiya take fitowa, haruffa su cakuɗe. Saboda haka idan karatun Alƙur'ani ne, ko tafsiri, ko wa'azi, inda fitar kowane harafi daga mafitarsa shi ne abin nema, ya fi kyau a rage ta ƙwarai ko a kashe. Akwai kuma ɗan maɓalli mai lamba 0 da 180, wanda ke sa faifan wufa ya tafi tare da na lasifika ko ya saɓa musu. Mutum ya zauna a mazauninsa, wani ya riƙa juya masa, inda ya ji nauyin ya fi cika nan za a bar shi.

Ɗakin ma yana da nasa hukunci. Igiyar sauti mai tsawo takan bugi bango ta komo ta haɗu da 'yar'uwarta, a wani wuri su taru su yi yawa, a wani wuri su kashe juna, shi ya sa mai zama kusa da bango yake jin ƙugi, na tsakiyar ɗaki kuma ya ce wufar ba ta aiki. Kusurwa tana ƙara nauyi, amma sau da yawa nauyi ne marar tsabta. Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce a ɗora wufar a daidai inda mai gida ke zama, a sa kiɗa, shi kuma ya duƙa ya bi gindin bango yana saurare, inda ya ji sautin ya fi daidaita nan ne gurbinta. Tsohon soron ƙasa na Birni, mai kaurin bango da rufin azara, ba ya karkarwa, kuma tabarmi da darduma da labule suna tausasa amon ɗaki. Ginin siminti mai rufin kwano kuwa shi ke da tsegumi, domin kwanon yakan amsa, tagar ƙarfe ta amsa, kwanukan jeren amarya su ɗauki rawa cikin kabad. Maganin wannan a ɗora akwatin bisa darduma mai kauri, a janye shi daga jikin kabad, a bar masa kamar taƙi tsakaninsa da bango, musamman in ramin numfashinsa, wato inda iska ke shiga da fita, a baya yake.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar gida a Nijar folt 220 ce, mai rawa 50 a sakan, alhali ta Amurka 120 ce, ta Japan kuma 100. Saboda haka duk wanda ya sayi na'urar gwanjo, tilas ya karanta takardar da ke liƙe kusa da wayar wuta kafin ya soka. In ya ga ɗan maɓalli mai 115 da 230 ya tura shi kan 230, in kuwa 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. A kan wannan takarda kuma ake gane gaskiyar ƙarfin na'ura, domin dubban wat ɗin da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali, a biyo su da PMPO, ado ne na 'yan kasuwa. Adadin da ake dogara da shi shi ne mai RMS, kuma na'ura ba ta iya dawwama tana fitar da abin da ya fi wanda take sha. Yana da kyau a sa na'urar daidaita wuta a tsakani, a zare kome in an ɗauke wuta har sai ta komo ta natsu, a zare kuma in hadari ya taso da tsawa. Wajen kunnawa wufa ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko. In an ji wani gurnani mai ɗorewa ko ba a sa kome ba, wannan rawar wutar ce ta 50 ta sami hanyar shiga. Sau da yawa yakan ɗauke idan aka soka amfili da wufa a soket guda, ko aka sauya wayar RCA, ko aka zare wayar tauraron ɗan'adam aka gane ita ce mafari.

Yanayin Damagaram kuwa ba ya yi wa na'ura sassauci. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, amfili kuma yana haifar da nasa zafin. Don haka kyallen ado da ake lulluɓa masa, da faifai da littattafan da ake ɗora masa a ka, suna toshe masa numfashi ne, a ɗauke su duk sa'ad da yake aiki, a mayar bayan ya huce. Da hunturu ƙura ke shiga majuya har su riƙa ƙarar yashi in an murɗa, maganinta goga mai taushi da rufewa in ba a amfani. Zoben soso da ke kewaye da faifan tsofaffin wufa yakan ruɓe da zafi, amma ana sake shi da kuɗi kaɗan, ba sai an yar da akwatin ba. Ramin numfashi kuma mashigar ɓera da kyankyaso ce, sai a riƙa dubawa.

Haƙƙin kunne da haƙƙin maƙwabci

Duk wannan bayani zai zama naƙasasshe in ba a ambaci amana biyu da ke wuyan mai wufa ba. Ta farko jinsa ne da jin iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yaro kuwa 75, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar da suke saurara. 'Yan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ke juya rawar iska ta zama ji, in sun mutu ba su sake tsirowa, kuma wanda ya tashi daga wurin kiɗa kunnensa na shuu, an riga an yi masa kashedi. Ma'aunin da ba ya bukatar na'ura shi ne, in mutum biyu na zaune kusa da juna sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to ƙarar ta yi yawa.

Amana ta biyu ta maƙwabci ce, kuma a nan siffar murya mai nauyi, wadda ita ce daɗinta, ita ce illarta. Bango yana tare kaifi amma yana barin nauyi ya wuce, saboda haka maƙwabcin ba ya jin waƙar, ba ya jin baitin, dukan kawai yake ji a ƙirjinsa, mai ɗakin kuwa bai sani ba domin shi a wurinsa abin bai yi yawa ba. A unguwa irin Birni, inda katanga ɗaya ke raba gida biyu, bayan bangon nan akwai mai jinya, akwai jariri, akwai ɗalibin Jami'ar Zinder mai jarrabawa gobe, akwai dattijon da zai tashi tsayuwar dare. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tsananta ƙwarai a kan haƙƙin maƙwabtaka, kuma ƙa'idar gusar da cuta tana daga manyan ginshiƙan fiƙihu; cutar da ba a gani da ido ba ta fita daga wannan hukunci ba.

Saboda haka, ya mai karatu, in ka gama haɗin waya ka daidaita majuya, akwai sauran gwaji guda wanda babu shi a takardar kamfani: ka bar kiɗan yadda ka saba jinsa, ka rufe ƙofa, ka fita ka tsaya a gindin katangar maƙwabcinka, ko ka yi sallama ka tambaye shi abin da yake ji. Ka ɗauke akwatin daga jikin bangon da kuka yi tarayya a kansa, ka kashe shi lokacin kiran salla, ka rage shi bayan lisha. Wanda ya kiyaye wannan na'urarsa za ta daɗe, jinsa zai kai shi tsufa, kuma zai zauna lafiya da mutanen unguwarsa.